Wace baget, kuma a wane rami? Tambayoyin masu walda kan inji mai aiki uku

Ƙananan injinan walda na zamani sun yawaita a Maradi, irin waɗanda hannu ɗaya ke ɗauka kuma suna aiki uku: walda da baget, wato sandar walda, wadda ake rubuta MMA a jikinsu, da MIG mai waya, da TIG mai toci da gas. Yawancinsu kuran DC kaɗai suke fitarwa, saɓanin tsohon taransifoma mai AC da aka saba da shi. Ga abin da masu sana'ar suka fi tambaya.

Ashe akwai bambanci tsakanin ramin + da ramin − da ake soka wayoyi a jikin injin? A tsohon injina ban taɓa kula ba.

Ba laifinka ba ne, maigida. A AC kuran kai da komowa yake yi sau 50 a daƙiƙa, don haka duk inda ka sa wayar ɗaya ne. DC kuwa hanya guda yake bi. Idan mariƙin baget yana kan +, wayar mas da ake maƙalawa jikin ƙarfe tana kan −, wutar takan nutsa cikin ƙarfen sosai. Wannan shi ne DC+, kuma da shi ake yawancin waldar baget. Idan ka musanya su, wato DC−, baget ɗin zai narke da sauri amma ba zai shiga da zurfi ba, abin da ke taimakawa a kan tol siriri mai saurin hujewa.

Na murɗa maɓalli zuwa MMA. Bai isa ba?

A injina da yawa bai isa ba, kuma nan ne na fi ganin ana asarar baget da lokaci. Maɓallin yana canza yadda injin ke sarrafa wuta ne kawai. Wayoyin suna nan inda aka bar su, sai an ɗauke su da hannu. Kowane aiki kuwa da nasa tsarin. TIG a kan ƙarfe yana son tocin a kan −, mas a kan +. MIG mai gas da waya zalla yana son +. Wayar MIG mai hoda a ciki, wadda ba ta buƙatar gas, yawanci − take so. To, a ce jiya yaronka ya yi TIG ya bar mas a kan +, yau ka zo da safe ka soka mariƙin baget a ramin da ya rage. Ka koma DC− ba tare da saninka ba. Da baget mai lamba 6013 ba lallai ka lura ba. Da 7018 wutar za ta yi ta tartsatsi tana yankewa, ka fara zagin baget da wanda ya sayar maka. Duba ramukan nan biyu kafin kunna inji ya kamata ya zama darasin farko ga duk yaron da ke koyon aiki.

6013 da 7018, wanne ya fi?

Aikin ne ke zaɓa. Lambobi biyu na farko ƙarfin waldar ne: 60 na nufin fam 60,000 a kan murabba'in inci, 70 kuma 70,000. Lambar 1 da ke biye tana nufin ana iya aiki da ita a kwance, a tsaye ko sama da kai. Ta ƙarshe ita ke nuna irin hodar da ke lulluɓe da baget ɗin da kuran da take karɓa. A kwalayen da ke da rubutun Faransanci za ka ga rutile a na 6013, basique a na 7018.

6013 ba ta da fitina: AC, DC+, DC−, duk tana ci, tana kamawa da sauri, ɓawonta na ɓarewa cikin sauƙi. Ƙofa, taga, gado, rumfa, ta ishe ka. Amma duk abin da zai ɗauki nauyi ko ya sha girgiza, kamar gatarin amalanke, sasin tirela ko ƙafafun tankin ruwa, a ganina bai kamata a yi wa 7018 rowa ba, a kan DC+. Waldarta ta fi jure bugu, ba ta saurin tsagewa. Mutane ke hawa amalanken nan da iyalansu.

Na sayi 7018 amma waldar na fitowa da ƙananan ramuka.

Bayan ka duba +, sai ka tuhumi danshi. Hodar 7018 tana shan raɓa, kuma an yi ta ne musamman don kada haidirojin ya shiga waldar ya tsaga ta daga baya. A rani iskar Maradi busasshiya ce, amma daga Yuli zuwa Satumba kwalin da aka bari a buɗe kan lalace. Masana'antu suna ajiye ta a tanda mai zafin kusan digiri 120, wadda ta jiƙa kuma a sake gasa ta a kusan digiri 350. Shanya a rana ba ya kai wannan. Ka sayi kwali rufaffe, ka buɗe daidai buƙata, sauran ka kulle a gwangwani mai murfi. Sannan ka riƙe bakinta kusa da ƙarfen ƙwarai, don idan wutar ta yi tsawo iska na shiga.

6010 fa?

DC+ kaɗai take ci, tana nutsawa ko a ƙarfe mai tsatsa, amma ƙananan injina da yawa ba sa iya riƙe wutarta. Idan naka na yankewa, nemi 6011.

Ampa nawa zan sa?

Ka fara da abin da ke rubuce a kwalin. A ƙiyasi, 6013 mai kaurin milimita 2.5 tana son 60 zuwa 90, mai 3.2 kuma 90 zuwa 130. 7018 takan so a ɗan ƙara. Idan tana mannewa wutar ta yi kaɗan, idan sandar ta yi ja ko gefen waldar ya zaizaye ta yi yawa. Wani lokaci a DC za ka ga wutar na karkata gefe guda kamar iska na hura ta, musamman a kusurwa. Maganaɗisun kuran ne, matsar da mas zuwa wani wuri ka sake gwadawa.