Frankel, dokin da bai taɓa shan kaye ba: tambayoyi da amsoshi

Daga watan Agustan 2010 zuwa Oktoban 2012, wani doki mai suna Frankel ya fita filin sukuwa sau 14 a Ingila, kuma duk fitar da ya yi shi ya zo na ɗaya. Da aka sauke masa sirdi aka mayar da shi barga don barbara, sai 'ya'yansa ma suka shiga lashe manyan gasanni. Ga amsoshin tambayoyin da mai son doki zai so ya yi a kansa.

Wane irin doki ne, kuma na wane ne?

An haife shi ranar 11 ga Fabrairun 2008. Jan doki ne mai duhu-duhu, da ɗigon fari a goshi da fari a ƙafafunsa huɗu. Mai shi a lokacin Yarima Khalid bin Abdullah ne na Saudiyya, mai gidan kiwon dawaki na Juddmonte. Sunan kuwa na wani mai horar da dawaki ne ɗan Amurka, Bobby Frankel, wanda ya daɗe yana yi wa Yariman aiki, ya rasu a Nuwamban 2009. Yarima ya so ya karrama shi, sai aka duba duƙusan shekarar aka zaɓi wanda ya fi cika ido aka sa masa sunan.

Irinsa shi ne wanda Turawa ke kira Thoroughbred, dawakin da aka shafe sama da shekara 300 ana tacewa don gudu kawai. Dukansu ta wajen uba suna komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga gabas, kuma mafi yawansu, har da Frankel, daga tsatson wani dokin Larabawa suke da aka saya a Halab ta Siriya a 1704.

Me ya sa ake yawan maganar iyayensa?

Domin can ne sirrin ya faro. Ubansa Galileo ya ci babbar gasar Derby ta Epsom a 2001, mai nisan kusan mita 2,400, wato doki ne mai dogon numfashi. Uwarsa Kind kuwa goɗiya ce mai zafin gudu a gajeren zango, 'yar wani ingarma Danehill da shi ma a hannun Yarima Khalid ya yi tserensa. Abin da masu kiwo ke nema in sun haɗa irin waɗannan biyun shi ne ɗan ya ɗauko juriyar uba da saurin uwa. Sau da yawa ba haka ke faruwa ba, sai a samu ɗan da bai kai uba juriya ba kuma bai kai uwa sauri ba. A kan Frankel lissafin ya fita daidai.

Me ya yi a fili har ake cewa ba a taɓa ganin irinsa ba?

A can ana auna tazarar nasara da tsawon doki, wajen mita biyu da rabi. A manyan gasanni, tsawon doki ɗaya ko biyu ma babban rinjaye ne. Fitarsa ta farko a Newmarket, a ƙasa mai laka, da rabin tsawon doki ya tsere wa wani mai suna Nathaniel, wanda shi ma daga baya ya zama gwarzo. Ta biyu a Doncaster da 13, ta uku a Ascot da 10.

Amma ranar da duniya ta san shi ita ce 30 ga Afrilun 2011, a gasar 2000 Guineas, mita 1,600 a miƙe. Ka'idar irin wannan tsere ita ce mahayi ya riƙe linzami, ya tattala ƙarfin dokinsa sai an doshi ƙarshe. Har wani doki aka sa daga gidansu don ya ja gaba ya daidaita gudun. Ko kusa da Frankel bai iya zuwa ba. Tun daga buɗe ƙofa Frankel ya fizge, mahayinsa Tom Queally ya sakar masa, kafin a kai rabin fili ya ba sauran tazarar kusan tsawon doki 15. Masana na jiran su ga ya sare, 'yan kallo kuwa tuni sun fara tafi alhali da sauran tafiya. Ya ɗan rage gudu a ƙarshe, duk da haka da tsawon doki 6 ya ci, tazarar da ba a ga irinta a gasar ba tun 1947.

Ni dai a ganina tseren da ya fi nuna ko shi wane ne shi ne Queen Anne na Ascot a Yunin 2012. Ya bari aka ja shi, ya natsu a baya, da aka taɓa shi sai ya bar Excelebration da tsawon doki 11. Excelebration ba ƙaramin doki ba ne, ya ci manyan gasanni a Faransa da Ingila a ranakun da Frankel ba ya cikin fili. Bayan wannan tseren kamfanin Timeform mai auna ƙwazon dawaki ya ba shi maki 147, mafi yawa da ya taɓa ba dokin tseren fili tun kafuwarsa. Cikin nasarorinsa 14, guda 10 a gasanni masu daraja ta ɗaya ne.

To ai gudu halitta ce. Mene ne aikin mai horarwa a ciki?

Aikinsa shi ne ya hana gudun nan ya cinye dokin. Frankel a ƙuruciyarsa doki ne mai zafin kai, mai jan linzami, ba ya son ganin wani a gabansa. Irin wannan dokin yakan ƙone ƙarfinsa tun yana shekara uku. An ma ga alamar haka a Ascot a Yunin 2011, da aka sake shi da wuri, ya gaji, wani mai suna Zoffany ya biyo shi har saura ƙiris, tazarar ba ta kai tsawon doki ɗaya ba.

Henry Cecil, mai barga a Warren Place da ke Newmarket, shi ya zauna da shi ya koya masa haƙuri. Ya sa yayansa da suke uwa ɗaya, Bullet Train, ya riƙa shiga gabansa a wajen kilisa da cikin tsere, har ya saba da bin wani ba tare da tayar da hankali ba. Da ya kai shekara huɗu ya zama dokin da ake iya ajiyewa a ko'ina cikin ayari a kira shi lokacin da ake so.

Labarin Cecil kansa yana da taɓa zuciya. Sau 10 yana zama zakaran masu horarwa a Birtaniya, sannan duniya ta juya masa baya, manyan masu dawaki suka kwashe nasu, har a 2005 tsere 12 kacal ya ci a shekara guda. A 2006 aka gano yana da sankarar ciki. Yarima Khalid yana cikin 'yan kaɗan da ba su guje shi ba, ya ci gaba da aiko masa da dawaki. Ranar da Frankel ya ci gasar York a Agustan 2012, Cecil ya zo a rame yana dogara sanda, muryarsa da ƙyar take fita. Bayan tseren ƙarshe, a Ascot ranar 20 ga Oktoba, ya ce wannan ne doki mafi kyau da ya taɓa riƙewa, kuma mafi kyau da ya taɓa gani. Ya rasu ranar 11 ga Yunin 2013, wata takwas bayan haka.

Babu masu kushe shi ke nan?

Akwai, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Bai taɓa tsere a wajen Ingila ba. Bai shiga Derby ba, bai je gasar Arc ta Faransa ba, mafi nisan da ya yi bai wuce kusan mita 2,100 ba. Da an gwada shi a can da an rufe bakin kowa. Sai dai a tseren ƙarshen nan ya makara wajen fita daga ƙofa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ga Cirrus des Aigles na Faransa wanda laka ce abincinsa, amma ya kamo shi ya wuce da kusan tsawon doki biyu. Wanda ya kalli wannan ba zai ce an ɓoye shi daga wahala ba.

Me ya sa aka ajiye shi yana da shekara huɗu kacal?

Lissafi ne. Duk abin da ya ci a fili bai cika fam miliyan 3 ba. Kuɗin barbararsa a shekarar farko, 2013, fam 125,000 ne kan kowace goɗiya, wato goɗiya 24 sun biya abin da ya tara a tsere 14. A waccan shekarar goɗiya 133 aka kai masa. Ga kuma haɗarin karaya, wadda a doki sau da yawa ita ce ajali.

Yaya ake gudanar da barbarar?

Yana zaune a Banstead Manor, kusa da Newmarket, goɗiyoyin ne ake kawo masa daga ƙasashe daban-daban. Dokar wannan iri ta hana ɗura maniyyi da hannu, dole sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, in ba haka ba ba za a rubuta ɗan a littafin asali ba. Wannan ke iyakance yawan 'ya'yan, shi ke kuma riƙe farashi. Ana farawa a tsakiyar Fabrairu, saboda cikin goɗiya kusan wata 11 ne, kuma a ƙasashen arewacin duniya ranar 1 ga Janairu ake ƙara wa kowane dokin tsere shekara. Ɗan da aka haifa a farkon shekara ya fi sa'o'insa girma ranar da za su fara karawa. Kuɗi kaɗai ba ya sa a karɓi goɗiya, ana duba asalinta da abin da ta yi a fili.

'Ya'yan sun gaje shi kuwa?

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a harkar dawaki zakaru da yawa sun haifi 'ya'yan da ba su tsinana komai ba. Shi ya sa aka zuba ido a 2016. Ɗansa na farko da ya fita fili, Cunco, ya ci tserensa a Newbury a watan Mayu. A Disamba 'yarsa Soul Stirring ta ci gasa mai daraja ta ɗaya a Japan. Cracksman ya ci Champion Stakes, gasar da uban ya yi bankwana da ita, a 2017 da 2018.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne 'ya'yan sun je inda aka ce uban bai je ba. Adayar ya ci Derby a 2021, Hurricane Lane ya ci St Leger mai kusan mita 2,900 a shekarar, Alpinista ta ci Arc a Faransa a 2022. Juriyar Galileo tana cikin jinin ashe. A 2021, shekarar da Galileo ya mutu, Frankel ya karɓi kambun ingarman da 'ya'yansa suka fi cin kuɗi a Birtaniya da Ailan, ya sake karɓa a 2023. Kuɗin barbararsa ya kai fam 350,000 a 2024.

Yarima Khalid ya rasu a Janairun 2021, iyalinsa suka ci gaba da riƙe gidan. A watan Mayun 2023 wani ɗan Frankel mai suna Chaldean ya ci 2000 Guineas a filin da uban ya ba jama'a mamaki, mahayinsa sanye da koriyar rigar Juddmonte mai ratsin ruwan hoda. Da ya gama tserensa shi ma Banstead Manor aka kai shi, inda uban yake.