Bawul ɗin PCV da na EGR a Injin Mota

Bawul ɗin PCV ƙaramin bawul ne da ke fitar da hayaƙi da tururin mai daga ɗakin karanshaf, wato ƙasan inji inda baƙin mai yake taruwa. Duk sanda fetur ya kama da wuta a silinda, wani ɗan kaso na hayaƙin yakan sulale ta gefen zoben fistin ya gangara ƙasa. Sabon inji ma yana yin haka, balle tsoho. Idan hayaƙin bai sami mafita ba, sai ya cika ɗakin ya matsa wa sil da gasket har su fara yoyo, damshin da ke cikinsa kuma ya cuɗe da baƙin mai ya zama dagwalo.

Asali

Motocin zamanin da suna watsar da wannan hayaƙi ne ta wani bututu da ke leƙowa ƙarƙashin mota, iskar gudu ce ke zuƙo shi. Da gurɓacewar iska ta addabi birnin Los Anjeles, sai aka fara sanya PCV a sababbin motocin jihar Kalifoniya a 1961, cikin 'yan shekaru ya game Amurka. Bawul ɗin EGR ya biyo baya a wajajen 1973. Aikinsa daban ne: yana mayar da kaɗan daga hayaƙin salansa cikin inji domin ya rage zafin ƙuna, tunda tsananin zafi ne ke haifar da gubar naitirojin oksaid.

Yadda PCV yake aiki

A tsohon salo, ɗan ƙarfe ne da sifirin a cikin gidan roba ko ƙarfe, da tiyo da ya haɗa shi da manifol ɗin shigar iska, wato bututun da ke rarraba iska zuwa silinda. Idan mota tana silo, zuƙar manifol tana da ƙarfi, bawul ya kusa rufewa. Da an taka totur sai ya ƙara buɗewa, hayaƙin ya koma silinda ya ƙone. Motoci da dama na baya-bayan nan, irin wasu Volkswagen da BMW, fatar roba mai faɗi suke amfani da ita, a manne a murfin saman inji.

Alamomin lalacewa

Bawul ɗin da ya toshe yana sa mai ya riƙa tsattsafowa ta sil, wani lokaci har ya tura sandar awon mai sama. Wanda ya maƙale a buɗe, ko fatarsa ta yage, yana shigar da iskar da kwamfutar mota ba ta auna ba. Sai silo ya riƙa rawa, a ji fito daga saman inji, mota ta riƙa shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. A motocin da ke da OBD-II, tsarin gano matsalar mota ta kwamfuta da ya zama dole a Amurka daga 1996, na'urar bincike takan nuna lambar matsala P0171. Matsalar EGR kuwa takan fito da P0401 idan hayaƙi ba ya wucewa yadda ya kamata, ko P0402 idan ya yi yawa.

A nan ne masu mota suka fi yin asara. Alamomin sun yi kama da na zoben fistin da ya cinye, ana iya sauke inji gaba ɗaya alhali ɗan bawul ne da bai fi yatsa ba.

Gyara da kuɗi kaɗan

Ana farawa ne da abin da ba ya cin ko kwabo. A zare bawul a girgiza shi: mai lafiya yakan yi ƙara, wanda ya daskare shiru yake yi, ko da yake ƙarar ba ta tabbatar da cewa sifirin ɗin na nan da ƙarfinsa. Sai a bi tiyo da hannu, don zafi da mai suna busar da roba ta tsage, galibi ta ƙasa inda ido ba ya gani. A kunna mota a gwada buɗe murfin zuba mai. Idan ya riƙe gam kamar ana jan sa daga ciki, da wuya fatar ba ta yage ba.

Tsohon salon PCV ba shi da tsada, sauya shi ya fi wanke shi. A salon fata, kamfani yakan sayar da murfin ne ɗungurungum, amma ga injuna da yawa ana samun fatar ita kaɗai. Sai dai cire marufinta na son haƙuri, kunnuwan robar da suka sha zafi saurin karyewa gare su.

EGR kuma sau da yawa bai mutu ba, baƙin kunkunniya ne ya shaƙe shi. Bayan inji ya huce, a kwance shi, a wanke da ruwan wanke kafireto da ɗan buroshi, a kiyaye kada ruwan ya shiga ɓangaren lantarki. A share ramukan da ke cikin manifol, in ba haka ba lambar za ta dawo, sannan a ɗaure da sabon gasket.

Wasu sukan toshe EGR da farantin ƙarfe, ko su saki tiyon PCV a sarari. Doka ta hana haka a ƙasashe da yawa, mota takan faɗi gwajin hayaƙi, injin fetur kuma yana iya fara ƙwanƙwasa saboda zafin ƙuna ya ƙaru.