Waiwaye: Yadda aka rufe ƙofar rabuwa cikin lumana a Najeriya

Da an ta da maganar ɓallewa a Najeriya, hankalin kowa sai ya tafi kan Biyafara. Amma tun kafin a ji sunan Ojukwu, Arewa ce ta fara ɗaga wannan murya.

A taron tsarin mulki na Ibadan na 1950, Sarkin Zazzau Ja'afaru ya faɗa wa wakilai ƙiri-ƙiri cewa in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a koma yadda ake kafin haɗewar Arewa da Kudu a 1914. Aka ba ta. A 1953 kuma Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba ƙasa mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a bari sai lokacin da ya dace. Da wakilan Arewa suka fito daga zauren majalisa, jama'ar Legas suka yi musu ihu, aka bi su da zagi har tashoshin jirgin ƙasa a hanyarsu ta komawa gida. Abin ya yi musu ciwo ƙwarai. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, majalisun Arewa kuma suka fito da buƙatu takwas da kaɗan ya rage su zama raba gari: kowane yanki ya riƙe harkokinsa, a bar wa tsakiya irin su tsaro, harkokin waje da kwastan. Teku ce ta taka musu birki. Gyadar da aka tara dala-dala a Kano sai ta bi layin dogo zuwa bakin ruwa a Kudu kafin ta zama kuɗi.

Sai Yamma ta karɓa. Da aka cire Legas daga yankinta, jam'iyyar Awolowo ta nemi a rubuta 'yancin ficewa cikin tsarin mulki a taron 1954. Azikiwe ya ƙi, Sakataren Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton ma ya ƙi. A ganina a nan aka yi babbar asara, domin a lokacin ana iya tsara sharuɗɗan rabuwa a kan tebur, ba kowa riƙe da bindiga.

Bayan shekara 12, shugaban mulkin soja Janar Ironsi ya soke tsarin tarayya da Doka ta 34, titunan Arewa suka cika da kiran "A raba!", aka zubar da jinin bayin Allah masu yawa. Zaman sulhun da shugabannin soja suka yi a Aburi ta ƙasar Ghana a Janairun 1967 bai haifar da ɗa mai ido ba. Ranar 30 ga Mayu Gabas ta ayyana Biyafara, aka shafe wata 30 ana yaƙi, sama da mutum miliyan ɗaya suka mutu, akasari saboda yunwa.

Cek da Silobakiya sun raba ƙasarsu ranar 1 ga Janairun 1993 ba tare da an harba harsashi ba, domin shugabanninsu sun zauna sun raba kadara da bashi. A nan kuwa, sashe na 2 na tsarin mulkin 1999 ya ce Najeriya ɗaya ce, ba ta rabuwa, ba ta wargajewa. Ƙuri'ar raba gardama da ya tanada ta abubuwa ce irin su ƙirƙirar sabuwar jiha da yi wa ɗan majalisa kiranye. Babu ta ficewa.