Me ya sa giyar kowace ƙasa take da nata ɗanɗanon?

Tambayoyin nan su ne dai kullum, a amsa yau a sake yinsu gobe. Ga su na tara wuri ɗaya. Bayanin abin da ke faruwa cikin tukunya nake yi, ba kiran kowa zuwa sha ba. Mai neman hukunci ya nufi malaminsa.

Da me ake yin giya?

Ruwa, tsiron sha'ir, furen hof, da yis. Tsiro shi ne hatsin da aka jiƙa har ya fara fitar da baki sannan aka busar. Hof kuwa shuka ce mai yaɗo, furenta ake tsinka.

Baƙar giya ta fi fara ƙarfi, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne, kuma na gaji da jin wannan maganar. Launi daga gasa tsiro yake zuwa. A busar da tsiro da sassauƙar wuta, giya ta fito fara da ƙamshin burodi. A ƙara wuta, ta yi ja da ɗan zaƙi. A gasa shi har ya yi baƙi, ta ɗauko ɗanɗanon kofi da ƙauri. Ƙarfi kuwa ya danganta ne da yawan sukarin tsiron da yis ya cinye. Guinness ɗin da ake zubawa daga famfo a Ailan baƙa ce wuluk, barasarta kashi 4.2 cikin ɗari. Duvel ta Beljiyam launin zinariya gare ta, amma tana da kashi 8.5. A duba lambar da ke jikin kwalba, a daina dogara da ido.

In kayan haɗin huɗu ne kacal, daga ina duk wannan bambancin yake fitowa?

Babban kasonsa daga abin da aka fi rainawa ne, wato yis. Mutane sun ɗauka aikinsa kawai ya ci sukari ya fitar da barasa da iska. Yana yin haka, amma yana kuma barin sinadarai masu ƙamshi birjik, kowane jinsi da irin nasa. Giyar alkama ta Bavariya, a kudancin Jamus, tana ƙamshin ayaba da kanumfari, har wasu su rantse an zuba su a ciki. Ba a zuba ko ɗaya ba. Aikin yis ɗin ne. A canja shi da wani, a bar alkamar da ruwan yadda suke, ƙamshin zai ɓace.

Manyan gidajen giya biyu ne, el da laga. Yis ɗin el ɗumi yake so, wajen digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Selsiyus, ya gama aikinsa cikin 'yan kwanaki ya bar ƙamshin 'ya'yan itace. Na laga sanyi yake so, digiri 7 zuwa 13, a hankali yake tafiya, bayan ya gama kuma a ajiye giyar makonni a wuri mai sanyi ta kwanta. Wannan yis ɗin ba ya barin ƙamshi sosai, shi ya sa a laga tsiro da hof baki ya fi ji.

Abin da na fi so ku kama shi ne ba zaɓin baki ne ya raba ƙasashen ba. A 1553 mahukuntan Bavariya suka hana dafa giya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, saboda takan lalace da zafi. Masu dafawa suka koma yin aiki lokacin sanyi, suna ajiya a kogo da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, sai yis mai jure sanyi ya yi rinjaye a wurinsu. Ingila ta ci gaba da el ɗinta. A zamanin ba wanda ya san mene ne yis, ana dai kwashe abin da ya kwanta a tukunyar jiya a zuba a ta yau. Sai a 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Denmark, ya ware jinsi guda tsantsa ya yi renonsa. Daga nan ne ya zama kamfani zai iya fitar da ɗanɗano ɗaya shekara da shekaru.

Ruwa ai ruwa ne?

Haba dai. Abin da ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalba shi za a ce ba ya da tasiri? Ruwan Pilsen, a ƙasar Cek, kusan babu ma'adinai a cikinsa. Da Josef Groll ya dafa laga da farin tsiro a can a 1842, ta fito garau da ɗaci mai laushi, ita ce uwar yawancin giyar da ake sayarwa a duniya yau. Ruwan Burton, a Ingila, cike yake da wani ma'adini da ake kira jifsam, wanda ke sa ɗacin hof ya fito da kaifi, baki ya bushe. Ruwan Munich, a Bavariya, yana da alli, ya fi karɓar gasasshen tsiro, don haka tsohuwar giyar birnin mai duhu ce. Yanzu kamfanoni suna tace ruwa su zuba ma'adinan da suke so, amma salon da ruwan ya haifar tun farko yana nan, mutanen wurin kuma sun saba da shi.

Ɗacin fa?

Hof ne. Wanda aka zuba tun farkon tafasa ɗaci yake bayarwa, wanda aka zuba dab da saukewa ƙamshi. Hof ɗin Saaz na Cek ƙamshin ganye da yaji gare shi. Cascade, da aka fitar a jihar Oregon ta Amurka a 1972, ƙamshin ɓawon lemo. Yana kuma hana giya saurin lalacewa, wannan ma na cikin dalilan da suka sa aka rungume shi.

An ce giyar Jamus ce mafi kyau saboda dokar tsabta ta 1516.

Dokar Bavariya ce, ta ce sha'ir, hof da ruwa kawai, ba ta ma ambaci yis ba. Cikin manufofinta akwai kayyade farashi da barin alkama ga masu yin burodi. Ta taimaka wa Jamusawa suka ƙware a kan 'yan kayan haɗi, wannan gaskiya ne. Amma ba ma'aunin kyau ba ce. Maƙwabtansu 'yan Beljiyam ba su bi ta ba, suna zuba ɓawon lemo da kayan ƙamshi a farar giyarsu ta alkama. A kewayen Brussels kuma akwai lambik, wadda ba a zuba mata yis ko kaɗan. A juye ruwan tsiron da zafinsa cikin faffaɗan faranti a bar shi buɗe ya kwana, ƙwayoyin da ke cikin iska da katakon ginin su faɗa ciki, sannan ta yi shekara ɗaya zuwa uku a ganga. Tana fitowa da tsami sosai. A wani wuri da an zubar da ita an ce ta lalace, a can kuwa abin alfahari ce, kuma a 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya.

Sa masara ko shinkafa ha'inci ne?

Ba dole ba. Sha'ir ɗin da Jamusawa 'yan ƙaura suka tarar a Amurka a ƙarni na 19 furotin ya yi masa yawa, giya tana fitowa da hazo, suka rage shi da masara da shinkafa. Haka laga mai sauƙi ta Amurka ta samo asali. A Japan haraji ne ya daɗe yana bin yawan tsiro, kamfanoni suka riƙa fitar da masu ƙarancinsa. A sassan Afirka inda sha'ir ba ya yi, dawa ake dafawa, a Peru kuma masara. Ana amfani da su don rage kuɗi ma, ba na musu, amma ku daina yanke hukunci daga ganin sunan hatsi.

Na sha iri ɗaya, suna ɗaya, a ƙasashe biyu, ɗanɗanon ya sha bamban. Jabu aka sayar mini?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Kwantar da hankalinka tukuna: jabu yana yiwuwa, amma shi ne na ƙarshe da zan zarga.

Fara da takardar jikin kwalbar. Manyan sunaye da yawa ba daga ƙasarsu ta asali ake kawo su ba, a nan inda ake sayarwa ake dafa su da lasisi. Wani lokaci tsarin ɗaya ne, a aiko da yis ɗin, a daidaita ruwan, bambancin ya zama kaɗan. Wani lokaci kuwa da gangan aka canja, saboda haraji ko doka ko abin da ake nomawa. Guinness ta kwalba da ake dafawa a Najeriya tana da barasa kashi 7.5, kuma tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 aka koma amfani da dawa da masara. Wanda ya san ta famfon Ailan zai ji ta daban, kuma dukansu na gaske ne. Saboda haka a kwatanta kason barasa, jerin kayan haɗi, da wurin dafawa. In sun bambanta, magana ta ƙare.

In duk ɗaya ne, sai a koma kan abin da ya sami kwalbar bayan ta bar masana'anta, kuma a nan ne ba zan iya yanke maka hukunci daga nesa ba. Haske yana lalata sinadarin hof ya haifar da wani wari mai kama da na ƙonannen roba. Kwalba koriya ko fara ba ta tare hasken sosai, ruwan ƙasa ta fi, gwangwani ya fi duka. Rana mai ƙarfi tana iya yin wannan ɓarnar cikin mintuna. Zafi kuma yana gaggauta tsufa: ƙamshin hof ya gudu, zaƙi ya ƙaru, a ƙarshe a ji ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Giyar da ta yi makonni a kwantena cikin teku, ta sake yin wasu a sito mai zafi, tana iya tsufa tun kwanan da aka rubuta a jikinta bai cika ba. Abin mamaki, wadda aka dafa a kusa sau da yawa ta fi wadda aka yo odarta kama da ta asali, don ta fi ta sabunta. Amma wannan ma ba kullum ba, masu duhu da masu yawan barasa sun fi jure tafiya.

Idan ta famfo ce, akwai batun bututu. In ba a wanke shi a kai a kai, giya takan ɗauko tsami ko ƙamshin man shanu. Sai dai ka lura, ɗan ƙamshin man shanu kaɗan a wasu lagar Cek ba aibi ba ne, haka salon yake. Sanyin giyar ma yana da nasa: sanyi ƙarara yana danne ƙamshi, wadda ta ɗan huce takan buɗe. Ga kuma bakinka, abin da ka ci kafin nan da gajiyar tafiya.

Yaushe za a yi zargin jabu? In murfin ya nuna alamar an taɓa buɗewa, rubutun ya dusashe ko ya karkace, babu lambar rukuni, ko matakin ruwan bai yi daidai da na sauran kwalaben ba. Ka ga irin wannan, kada ka ɗanɗana don gwaji. Ajiye ta.

Wadda aka rubuta babu barasa fa, me ya sa take da zaƙi haka?

Hanya biyu ake bi. Ko a tsayar da yis da wuri, sukarin da bai ci ba ya rage, ka ji zaƙin ɗanyen tsiro. Ko a gama dafawa sannan a cire barasar da na'ura, wani ƙamshin ya bi ta. Kuma don Allah a karanta lambar, ba babban rubutun ba. A ƙasashe da dama doka ta yarda a kira giya maras barasa alhali tana da har kashi 0.5. Wanda yake gudun barasa gaba ɗaya, saboda addini ko ciki ko magani, kada ya dogara da sunan. Ya duba kason da aka rubuta.