Idan ɗalibi ya kwanta ciwo a jami'a shekara 200 da suka wuce: tambayoyi da amsoshi

Waɗanne cututtuka ne suka fi raba ɗalibai da karatu?

A Ingila da Amurka, tarin fuka ne kan gaba. Matashi zai fara da tari da zufar dare, ya rame, daga baya ya soma tofar da jini. Henry Kirke White, mawaƙi kuma ɗalibi a kwalejin St John's ta Kambirij, da shi ya rasu a 1806 yana da shekara 21. Akwai kuma ƙyanda, agana, atini da zazzaɓi iri-iri. Ciwon ido ma ba ƙaramin abu ba ne, domin karatun dare da hasken kyandir ko fitilar mai ake yi.

Me ya sa rashin zuwa aji yake da tsada haka?

Domin a wancan zamani zama ake ƙirgawa, ba jarrabawa kaɗai ba. A Kambirij da Oksford sai ɗalibi ya cika adadin zangunan karatu yana kwana a jami'a kafin a ba shi digiri. Charles Darwin, wanda lafiyarsa ƙalau, ya ci jarrabawa a Janairun 1831, amma sai da ya ƙara zango biyu saboda ya shigo a makare. To ina ga wanda ciwo ya kwantar wata uku? Mai jinya yakan kawo takardar shaida da ake kira aegrotat, da Latinanci "ba shi da lafiya", a ɗauke masa zuwa lacca da coci.

A jami'ar Harvard ta Amurka, zamanin shugabanta Josiah Quincy, kowace bita a gaban malami tana da maki, ana kuma zaftare maki idan ɗalibi ya yi fashi. Henry Thoreau, ɗalibinta da ya zama marubuci daga baya, ya koma gida jinya a 1836, ya dawo ya kammala a 1837.

Wa ke jinyarsa?

Babu asibitin makaranta. Abokin ɗaki ne ke hura wuta ya kawo abinci, likitan gari ya leƙo, kuɗinsa kuma a kan iyaye. Idan abin ya yi tsanani, sai gida.

Wane magani ake ba shi?

A tsaga jijiya a zubar da jini, ko a ɗora matsattsaku su tsotse, kusan aikin ƙahon wanzami. Sai kalomel mai sa gudawa, wanda zaiba ce a cikinsa: idan ya yi yawa miyau ya dinga dalala, dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi. Ga mai tarin fuka, wanda jininsa ya riga ya yi ƙasa, wannan ƙarin wahala ce kawai. Ba a gano ƙwayar cutar ba sai 1882, a hannun Robert Koch.

Shin "sauyin iska", wato tafiya wani wuri don neman sauƙi, yana aiki?

Wani lokaci. Ƙyanda ta raunana idanun wani ɗalibi, Richard Henry Dana, ya bar Harvard, ya shiga jirgin ruwa a matsayin ma'aikaci zuwa Kalifoniya a 1834. Ya dawo a 1836 idanunsa sun warware, ya karɓi digirinsa a 1837.