Wai duk wanda bai ajiye aiki ba jajirtacce ne?

Ni fa kalmar nan jajircewa ta fara isata. Ka kunna rediyo da safe, jajirtaccen gwamna, jajirtaccen kwamishina, ranar 1 ga Mayu kuwa sai a tara ma'aikata a fili cikin rana a ce ana jinjina musu saboda jajircewarsu. Ma'anar ba ta ɓuya wa kowa ba, mutum ya kafe a kan abu ya ƙi ja da baya. Abin da ke ba ni haushi shi ne yanzu duk wanda bai ajiye aiki ba sai a liƙa masa ita.

Wasu malaman jami'a a Kanada, John Meyer da Natalie Allen, tun 1991 suka raba zaman ma'aikaci gida uku. Akwai wanda zuciyarsa ke wurin, akwai mai jin nauyi, irin wanda kawunsa ya samo masa aikin yana kunyar ya tafi, sai kuma wanda ya lissafa ya ga in ya fita asarar ta fi yawa, ga fansho ga shekarun da ya zuba ga babu wani aikin a waje. Na ukun nan mu a Hausa muna da sunansa tuntuni, dole ƙanwar na ƙi. Amma shi ne aka fi rataya wa lambar yabo.

Na taɓa koyarwa a wata makarantar kuɗi, akwai wani malamin lissafi da ya shekara tara a wurin, bai taɓa makara ba, ƙarfe bakwai ya jingine kekensa a gindin darbejiya. Ranar bikin yaye ɗalibai mai makarantar ya kira shi gaban iyaye ya miƙa masa agogon bango yana cewa ga jajirtaccen malaminmu, alhali a lokacin wata uku muna bin albashi, kuma duk ofishin malamai mun san kofen takardunsa na cikin leda a jakarsa kullum, ko'ina ya ji ana ɗaukar aiki sai ya kai. Littattafan yara kuwa jan biro kawai yake bi da shi ba ya karantawa, ba don mugunta ba wallahi, mutumin kirki ne mai ƙwazo, wurin ne ya cinye shi. Oga ya yi maka tsawa a gaban ɗalibai, ka yi rashin lafiya a yanke maka kuɗin ranar, ka kawo shawara a ce ka fiye kawo raini, to zuciyar wa za ta zauna?

Shi ya sa in na ji ana cewa ai halin mutum ne, wani an haife shi da son aiki, sai in ce gaskiya ne amma rabi. Hali yana kawo mutum da wuri, yadda ake mu'amala da shi ne ke sa ya kawo hankalinsa tare da jikinsa. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, a biya shi ma a kan lokaci, bai hana mutum zaman jiran ƙofa ba in ana wulaƙanta shi.

Malamin nan dai zango ɗaya bayan bikin ya samu aiki a wani shagon sayar da siminti yana riƙe musu lissafi. Agogon ma a ofishin malamai ya bar shi, mu muka riƙa duba lokacin tashi da shi.