Gasar harbi da farautar cikin duwatsu a Amurka: me ya haɗa su?

Wace irin farauta ce wannan tukuna?

Ba irin ta shiga daji da karnuka a dawo da yamma ba ce. A yammacin Amurka, jihohi irin su Montana da Idaho da Wyoming da Kolorado, mutum zai goya jaka da tanti da abincin kwanaki ya hau duwatsu da ƙafa yana neman elk, wani babban dangin barewa da namijinsa ke kai kilo 300. Akwai dazukan da dokar 1964 ta hana shiga da mota ko babur, kai ko keke ma, misali dajin Frank Church na Idaho da ya haura eka miliyan 2. In ka harba ka samu, kai za ka fede ka yanka ka yi ta jigilar naman a bayanka. Kuma sau da yawa duk wahalar nan dama ɗaya tak za ta zo maka, wani lokacin ma ba za ta zo ba.

Toh wace gasa ce ke da alaƙa da haka?

Gasar harbi kala-kala ce, ta Camp Perry a Ohio tun 1907 ake yinta, amma wadda ta fi kusa da farauta ita ce irin su Precision Rifle Series da aka fara 2012, inda ake harbin faifan ƙarfe daga nesa daban-daban, kana jingine da shinge ko tayar mota ko dutse, agogo na gudu, yawanci bai wuce minti biyu ba. Sai kuma NRL Hunter, ita kam mafarauta aka yi wa. Ba a nuna maka inda faifan yake, minti 4 za a baka ka nemo shi da madubin hange, ka auna nisa, ka gyara zama ka harba, kuma akwai ƙa'idar nauyin bindiga dan kar wani ya zo da wadda ba mai iya hawa dutse da ita.

Me mutum ke koya a can da ba zai koya a filin atisaye ba?

A filin atisaye kana zaune kan benci, bindiga kan jakar yashi, ba mai matsa maka, kowa gwani ne a haka. A dutse kuwa ba benci, ciyawa ta yi tsayi rub da ciki ba zai yiwu ba, gangare ne ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, toh ɗan gasa ya saba da wannan, cikin daƙiƙa kaɗan ya cire jakar goyonsa ya cusa ta ƙarƙashin hammata ya ɗora bakin bindigar kan sanda mai ƙafa uku, saitin da ke rawa ya tsaya cak.

Amma ni a ganina babban abin shi ne iska. Faɗuwar harsashi lissafi ne, na'ura ma za ta baka, iska ce ba ta da amana, inda kake tana kaɗawa hagu, tsakiyar kwarin tana yin dama. Ɗan gasa yana harbi yana kallon inda ƙura ta tashi, ya gyara, ya rubuta a ɗan littafinsa, a haka ido ke koyon karanta ciyawa da ganye.

Batun zuciya fa, gasa na hana rawar jiki?

Ba ta hanawa gaba ɗaya, tana dai sa ka saba aiki cikinta. Mutane da yawa da sun ga dabbar sai hannu ya kama kyarma, su fizgi kunama maimakon su matsa a hankali. A gasa agogo da idon jama'a ke kawo irin wannan bugun zuciyar. Dubi 'yan gasar Olamfik masu gudu kan ƙanƙara su tsaya su harba daga mita 50, suna haki amma suna samun faifai mai faɗin milimita 45 in suna harbi a kwance, sabo ne kawai da sarrafa numfashi.

Kenan ɗan gasa zai iya harbin dabba daga ko ina?

A'a fa, nan ne ake rigima tsakanin mafarauta kansu. Ƙarfe ba ya tafiya, elk kuwa taku ɗaya zai yi harsashi na hanya, wanda aka nufa da huhu ya faɗa ciki, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu inda ba wanda zai gani. A gasa kuskure maki ɗaya ne ka rasa. Amfanin gasar na gaskiya shi ne takardar maki ba ta fadanci, in ta nuna maka cewa daga yadi 500 a durƙushe rabi kake samu, ka san ranar farauta sai dai ka lallaɓa ka matsa kusa ko ka sauke bindigar ka haƙura.

Me gasa ba za ta koya maka ba?

Bin sawu, sanin ta inda iska za ta kai warinka hancin dabba, fiɗa, da ƙarfin gwiwar hawa dutse da nama a baya. Sannan bindigar gasa kan kai kilo 9 ko fiye kuma ba ta dukan kafaɗa sosai, ta farauta mara nauyi ce tana tsalle, shi ya sa masu hankali ke shiga gasar da ainihin bindigar da za su tafi daji da ita ko da makinsu zai ragu.